Ranar da Motar Littattafai Ta Zo Ikara

Rijiyar unguwar ta ja baya ƙwarai a bazarar shekara ta uku da samun mulkin kai, har sai an ɗaura wa guga igiya biyu kafin ya taɓo ruwa. Ummulhairi ta riga kowa zuwa, kamar kullum. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, siririya, mai yawan shiru, wadda tafin hannunta ya yi kanta kamar na manomi. Sahu shida take yi da tulu kafin ta tafi makaranta, kuma a ranar tana sahu na huɗu igiya ta yanke ta a yatsa. Ta tsotse jinin, ta tofar, ta ci gaba da ja, domin ta san in randunan gida ba su cika ba, Baffa Tanko ba zai bar ta ta ɗauki jakar makaranta ba.

Gidan da take yi wa wannan bauta kuwa gidan ubanta ne. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, mahaifinta Malam Muhammadu Auwalu kuma sanƙarau ya ɗauke shi shekara uku da suka wuce. Ya bar mata gida, da gona a hanyar Paki, da wasiyya guda wadda ya yi a gaban mutane: kada a cire Ummulhairi daga makaranta. Ba a yi sadakar arba'in ba ƙaninsa Tanko, dillalin gyaɗa, ya tare a gidan da matarsa Lantana da 'ya'yansu biyu, Musa da Talatu. Ya ɗauki ɗakin marigayi, ya mai da marainiyar ɗakin da ake jibge buhuna. Duk ranar da ta nemi kwabon fensir, amsarsa ɗaya ce: "Ni kaɗai aka bar wa nauyinki. Dangin uwarki na Kudan ko anini sun taɓa aikowa?" Tun tana kukan wannan magana har ta daina, ta yarda cewa kawunta Muhammadu Sani ya manta akwai ta a duniya.

Ranar Litinin ɗin nan, bayan an yi layi a filin makaranta, hedimasta Malam Gidaɗo ya yi sanarwar da ta hana yara zama lafiya a aji. Ya ce akwai wata mota da ke yawo da littattafan sayarwa daga Zariya, ta riga ta je Kudan da Makarfi, kuma ranar Alhamis za ta kwana a Ikara. Za a baje littattafai a ƙarƙashin mangwaro, kowane yaro ya duba da idonsa, ya zaɓi wanda yake so. Ummulhairi ba ta taɓa mallakar littafi nata na kanta ba. Na makaranta ake raba musu, su uku a kan guda, a karɓe in an tashi.

Da la'asar ta ɗauki faifan ƙuli-ƙulin Lantana ta fita talla. A ƙofar gidan hedimasta ta tarar da iyaye maza sun kai goma zaune a tabarma, duk tambaya ɗaya ta kawo su. Wani dattijo mai saƙa ne ke magana lokacin da ta durƙusa gefe da faifanta.

"Malam, mu fa ba mu san wannan ciniki ba. Yaro ya zo ya ce a ba shi kuɗin littafi. Nawa ake bayarwa? Kada mu ba da kaɗan a yi masa dariya, kada kuma mu ba da da yawa ya ƙarar a alewa."

Malam Gidaɗo ya yi murmushi. "Da taro yaro zai sami ɗan ƙaramin littafin hotuna. Da sisi zai sami na labari. Manyan, masu kauri, sule ɗaya ne. Kada wanda ya taɓa hatsin rumbunsa saboda wannan, damina na tafe. Kowa ya ba da abin da ba zai hana shi cefane ba. Roƙona ɗaya ne kawai: yaran da ke gida ɗaya a daidaita su. In sisi ne kowa sisi, in taro ne kowa taro. Yaro yana jure kaɗan, amma ba ya manta ranar da aka ba ɗan'uwansa aka hana shi."

Sai ga muryar Baffa Tanko daga ƙarshen tabarma, ya gyara zaman hularsa. "Ni kam sule-sule zan ba nawa. Su uku ne, kuma duk ɗaya suke a wurina. Marainiyar nan ai amanar yayana ce."

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ummulhairi ta ji da kunnenta. Ta koma gida ƙafarta kamar ba ta taka ƙasa, kwana uku tana ɗebo ruwa tana murmushi ita kaɗai, tana tunanin ko mai labari za ta ɗauka, ko mai taswira.

Safiyar Alhamis Baffa Tanko ya zauna a bakin ɗakinsa ya kira yara. Ya sa wa Musa sule a hannu. Ya sa wa Talatu sule a hannu. Ummulhairi na durƙushe, ta miƙa tafukanta biyu, kanta a ƙasa. Ta ji shiru... ta ƙara jira... sai ta ji ƙarar takalminsa.

"Ke kuma me kike jira? Tuwon da kike ci da sabulun da kike wanka ba kuɗi ba ne? Tashi ki ba ni wuri."

Bai ko waiwayo ba ya tura kekensa ya fita. Yarinyar ta daɗe a durƙushe, hannuwan nan a buɗe, kamar ta manta yadda ake naɗe su. Ba ta yi kuka da sauti ba, hawaye ne kawai ke ɗiga a kan ƙasa.

"Ummu," aka kira ta ƙasa-ƙasa daga madafi. "Zo nan."

Lantana ce. Mace ce mai sanyin hali, wadda tsoron miji ya mai da ita kamar inuwa a cikin gida. Ta leƙa zaure ta tabbatar ya tafi, sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da sule guda, wanda ta yi wata biyu tana tarawa daga ribar man gyaɗa ba tare da ya sani ba. Ta danƙa wa yarinyar, ta rufe hannun da nata biyu.

"Je ki sayi babba, irin wanda za su saya. Amma Ummu, ki yi mini alkawari. Kome za a yi, kada Baffanki ya ji daga hannuna ya fito. Kin san saki biyu ne a kaina, igiya ɗaya ta rage. Ya rantse ranar da ya kama ni da kuɗin ɓoye zan bar masa gida, in bar masa 'ya'ya. Ba ni da uwa, ba ni da uba..."

"Na yi alkawari, Inna. Ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba."

Ba ta san nauyin abin da ta ɗauka ba sai da yamma.

Motar ta zo, koriya, an jera katako a cikinta kamar kanti. Aka fito da tebura aka baje littattafai, ƙamshin sabuwar takarda ya gauraye da na furen mangwaro. Yara suka yi dafifi, wannan na kwance ƙullin kwabbai, wancan na ciniki kamar a kasuwar Makarfi. Ummulhairi ta goge hannunta a zani sau biyu kafin ta taɓa kome. Ta duba wannan ta ajiye, ta duba wancan ta ajiye, har ta kai ga wani mai shuɗin bango, wanda ke ba da labarin ƙasashen duniya, da hoton teku da jirgin ruwa a tsakiyarsa. Ta miƙa sulenta. Da mai sayarwa ya ce, "Naki ne, 'yan mata," sai da ta tambaye shi ko ba za a karɓe ba in an tashi. Ya yi dariya ya ce har abada. Ta zauna a gindin bishiya ta rubuta sunanta da na mahaifinta a shafin farko, ta karanta shafi tara kafin a kaɗa ƙararrawa. Shafi taran nan su ne duk rabonta a cikinsa.

Ta ɓoye shi cikin zani ta shiga gida. Amma Talatu, 'yar shekara bakwai da ba ta san kome ba, tana nuna wa ubanta nata littafin ta ce, "Baba, na Yaya Ummu ya fi kyau, har da jirgi a ciki."

Baffa Tanko ya ajiye kwanon furar da ke hannunsa. Fuskarsa ta canza, wani abu mai kama da tsoro ya gifta a cikinta kafin fushi ya rufe shi.

"Kawo shi nan. Wa ya ba ki kuɗi? Wa kika gani? Wani ya zo wurinki a makaranta?"

"Ba wanda ya zo, Baffa."

"To a ina kika samu?"

Ta sunkuyar da kai. Ya juya littafin a hannunsa, sannan ya laluba aljihun rigarsa a hankali, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Sule biyar na bari a aljihun nan jiya, yanzu babu su. Ashe ɓarauniya nake ciyarwa."

"Wallahi Baffa ban taɓa maka kuɗi ba."

Da igiyar guga ya dake ta, ita dai igiyar da ta yanke mata yatsa. Ya naɗe ta biyu ya yi ta zuba mata a baya da ƙafafu, yana tambaya yana duka. Tana birgima a ƙasa ta hango Lantana a ƙofar madafi, ta dafe bango, ta ɗaga ƙafa za ta tako. Ummulhairi ta dube ta cikin ido ta girgiza kai kaɗan. Lantana ta tsaya cik, ta cusa bakin zani a baki. Da ya gaji, sai ya nufi murhu ya jefa littafin a wuta. Shuɗin bangon ya naɗe, ya yi baƙi, tekun da jirgin suka zama toka a gaban idonta. A nan ne muryarta ta fito: "Wayyo Babana..."

Washegari ya ja ta har filin makaranta, yara na layi, malamai na tsaye. A gaban kowa ya ce ya zo ya cire ta, tun da karatun bai koya mata kome ba sai sata. Malam Gidaɗo ya roƙe shi su shiga ofis, ya ƙi. Sai hedimasta ya ja yarinyar gefe, ya rage tsawo, ya yi mata magana a hankali.

"Ummulhairi, shekara biyar kina hannuna, ban taɓa kama ki da allin wani ba. Faɗa mini wanda ya ba ki sulen nan, ni zan tsaya miki."

Ta dubi ƙasa, hawaye na bin kumatunta. "Malam, ban yi sata ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"In ba ki faɗa ba hannuna a ɗaure yake. Saura wata ɗaya jarrabawar shiga makarantar 'yan mata, kuma sunanki ne na farko a takardata."

"Na sani, Malam... ka yafe mini."

Ta fita daga makarantar tana ɗingishi, idanu sama da ɗari na bin bayanta.

Kafin azahar labari ya gama gari. Matan da suke sa mata albarka a bakin rijiya yanzu in ta iso sai kowace ta gyara ƙullin zaninta, ta jawo gugarta kusa. Gidajen da take shiga da talla suka fara cewa ta tsaya daga zaure. Yaran da take koya wa lissafi suka riƙa bin ta suna waƙa da sunanta. Ƙuli ya daina ƙarewa, kowace yamma kuma sai an dake ta a kan ragowar. Da Baffa ya ga tallar ba ta ci, sai ya tura ta sharar gona a hanyar Paki, gonar ubanta, ita kaɗai cikin zafin bazara, tana tara karan dawa tana ƙonawa, rauninta na manne wa riga. In ta ji ƙararrawar makaranta daga nesa sai ta zauna a kan kunya ta rufe fuska. Ba ta taɓa roƙon Allah ya saka mata a kan kowa ba. Abu ɗaya take maimaitawa: "Ya Allah, kai ka gani. Ka wanke ni, kada Inna ta rasa 'ya'yanta."

A rana ta goma sha biyu zazzaɓi ya kayar da ita. Lantana ta riƙa shiga ɗakin buhuna da koko da jiƙon ganye, tana gasa mata baya tana kuka. Sau biyu ta ce za ta je ta faɗa, sau biyu yarinyar ta riƙe mata zani. "An riga an dake ni, Inna, an riga an ƙona shi. In kika faɗa yanzu, me ya ragu?"

A rana ta goma sha shida ta ɗan ji sauƙi, tana zaune a inuwa da hantsi, Lantana na wanki kusa da ita. Baffa ya tafi kasuwar Makarfi tun asuba. Lantana ta ɗauko tsohuwar rigarsa za ta tsoma a ruwa, sai ta ji takarda a aljihun ciki, an ninke ta ƙanana.

"Ummu, duba mini wannan. Kada ya zama rasiɗin haraji ne in jiƙa shi, in shiga uku."

Yarinyar ta warware takardar. Abin da idonta ya fara sauka a kai sunanta ne. Ta karanta a zuci, ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Mene ne? Karanta mini."

Da murya mai karyewa ta karanta: "Takarda daga Muhammadu Sani, Kudan, zuwa ga Malam Tanko. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, motar littattafai ta zo mana nan, an ce za ta iso Ikara. Na tambayi malamai nawa ya kamata a ba yaro, suka ce sule ɗaya ya wadatar. Amma na ce Ummulhairi ba ta da uwa ba ta da uba da za ta yi wa shagwaɓa, a bar ta ta ɗebi abin da ranta ke so ko sau ɗaya ne. Ga sule biyar a hannun Maiwada direba, ban da sule goma na kowane wata uku da na saba aikowa. Ka ce mata kawunta na gaishe ta. Ka ce har yanzu ina jiran ta rubuto mini da hannunta, tun da ka ce kunya ke hana ta."

Takardar ta faɗi a cinyarta. "Inna... ashe bai manta da ni ba. Ashe shekara uku yana jiran in rubuto..."

Lantana ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta daɗe tana kallon kumfar da ke hannunta. Sule biyar aka aiko wa yarinyar. A cikinsu aka ba 'ya'yan da ta haifa sule-sule, aka kuma daki mai kuɗin a kan ta sace su. Ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi.

"Inna, ina za ki? Bai ba ki izini ba. Alkawarin fa?"

"Ni na ɗora miki shi, ni na sauke. Ba ni takardar."

Matar da ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba sai da izini, ta ratsa gari tsakar rana har ofishin Malam Gidaɗo. Ta durƙusa ta faɗa masa kome, tun daga sulen man gyaɗa. Ya karanta takardar, ya cire tabarau ya share ido. Ranar Asabar ya hau motar kasuwa zuwa Kudan da kansa, ranar Lahadi ya dawo da wani dogon mutum mai furfura a gemu. Da Muhammadu Sani ya ga 'yar ƙanwarsa, ya ga ƙasusuwan wuyanta da shatar igiya a ƙafafunta, sai ya matso kusa da ita. Ya zauna a ƙasa ya riƙe hannunta yana cewa, "Laifina ne. Na yarda da takarda, ban zo na gani da idona ba."

Ranar Litinin aka shiga gaban alƙali, zauren ya cika har waje. Baffa Tanko ya fara da rantsuwa cewa bai taɓa karɓar kome ba, takardar kuma ƙirƙira ce. Sai aka kira Maiwada direba, ya ce shi da hannunsa yake miƙa masa ƙullin kuɗi a tasha duk wata uku, kuma yaran motarsa da mai shayin tasha shaida ne. Aka kira Lantana. Ta tako a lulluɓe, ta tsaya gaban alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, sulen da yarinyar nan ta sayi littafi nawa ne, ni na ba ta. Ni na sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, saboda tsoron saki. An dake ta a gabana, an kira ta ɓarauniya a gaban gari, ba ta ambaci sunana ba."

Tanko ya zabura. "To ki je, na sake ki. Na cike na ukun."

Zauren ya ɗauki salati. Lantana ta runtse ido, ta ce, "Na ji," ta koma ta zauna.

Alƙali ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya dubi Tanko. "An ce a gaban hedimasta ka yi alkawarin sule-sule ga yara uku. Haka ne?"

"Haka ne."

"An aiko maka sule biyar da sunan marainiya. 'Ya'yanka nawa ka ba su?"

"Sule-sule."

"Ita fa, nawa ka ba ta?"

Tanko ya buɗe baki ya rufe. Gumi ya jiƙa masa hula. Alƙali ya maimaita tambayar har sau uku. Da aka matsa masa a kan dalilin ƙazafin, sai ya faɗa da kansa, kansa a sunkuye: ganin littafi a hannunta ya sa ya zaci kawunta ya fara aike ta wata hanya, kuma ya san ta iya rubutu yanzu, ko ba daɗe za ta aika wasiƙa Kudan asirinsa ya tonu. Ya ga in ya ɓata mata suna ya raba ta da makaranta, ba mai sauraronta.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Bulala goma sha biyu a bainar jama'a saboda ƙazafi, da wata shida a gidan yari saboda cin dukiyar marainiya. A sayar da kekensa da jakunansa a biya duk abin da aka aiko cikin shekara uku. Gida da gona su koma ga mai su, a ƙarƙashin kulawar kawunta. Musa da Talatu kuma su zauna hannun uwarsu. Da dogarai suka fita da shi, Ummulhairi ta juya fuskarta ga bango ta toshe kunnuwa. Ƙanin ubanta ne, kuma muryarsu iri ɗaya ce.

Washegari Malam Gidaɗo ya tsayar da ita a gaban layi, a daidai wurin da aka tozarta ta. Ya gaya wa yara da malamai abin da ya faru duka, ya ce shi ma yana neman gafararta, domin ya san halinta amma ya bari aka fita da ita. Ya mai da sunanta cikin masu jarrabawa. Yaran da suka yi mata waƙa suka kasa ɗaga kai. A bakin rijiya kuwa, da ta je da yamma, wata tsohuwa ta karɓe mata guga, ta cika mata tulu, ta ɗora mata.

Da ta shiga gida sai ta tarar da Lantana ta ɗaure kayanta a tsakar gida: tabarma, da tukwane biyu, da ƙullin tufafin yara. Kawu na tsaye a bakin zaure.

"Ina za ki, Inna?"

"Malikanchi, wurin wani ɗan baffana, in ya karɓe mu. Gidan nan naki ne, Ummu. Ba ni da sauran hurumi a cikinsa. Kuma ko da ina da shi, da wane ido zan riƙa kallonki? Kwana goma sha shida ina ji ina gani..."

Ummulhairi ta sauke tulu. Ta dubi kawunta, ya gyaɗa mata kai, domin sun riga sun yi maganar tun da safe: za ta zauna ta ƙare makarantarta a Ikara, shi kuma ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa ta farkon wata. Ta durƙusa gaban kayan ta fara kwance igiyar da yatsunta masu kanta.

"Ni na girgiza miki kai ranar nan, Inna, ba ke kika ƙi ba. Ɗakin Babana ga shi can babu kowa, ku shiga ke da su Talatu. In kika tafi, in na taso daga makaranta, wa zan ce wa na dawo?"

Lantana ta zube a kan ƙullin kayan ta rungume ta. Suka yi kuka mai tsawo, irin wanda ba a rarrashi, har Kawu ya juya ya fita zaure yana share fuska da hannun riga.

Ummulhairi ta ci jarrabawarta a shekarar nan. Tanko ya fito bayan wata shida, ba wanda ya ƙara ba shi amanar ko buhu ɗaya na gyaɗa, ya bar garin ba sallama. Lantana kuwa a gidan nan ta tsufa, a gidan ta rasu, kanta a kan cinyar yarinyar da ta rufa mata asiri. Allah ya jiƙanta, ya sa kowane maraya ya sami mai tsaya masa tun kafin hawayensa su ƙare.